Godiya ga Malamaina na Gefe Biyu na Iyaka

  

Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici. Ɗan littafin nan da muka haɗa wa ɗaliban darasin yamma a Bagudo, mai bayanin kalmomin Turanci da ke ƙarewa da “ism”, Allah ya nufa ya kammala. Yanzu haka yana hannun yara masu shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, tun daga cikin gari har Zagga da Kaoje da Illo da Lolo da Tsamiya. Sunana aka rubuta a bangonsa, alhali abin da ke ciki tsinto shi aka yi daga bakin mutane da dama, wasu a gefenmu, wasu a gefen Jamhuriyar Benin. Ba zan kama sunan kowa ba, saboda galibinsu mutane ne da yabo a bainar jama'a ke sa su sunkuyar da kai. Kowa zai gane kansa idan ya karanta, ko aka karanta masa.

Duk malamin da ya taɓa koyar da darasin Gwamnati a sakandare ya san babin da ke tayar wa yara hankali. A nan ne kalmomi ke jeruwa: feudalism, capitalism, socialism, communism, fascism, federalism. Yaro ya haddace su da dare, gari na wayewa sun cakuɗe masa. Da zarar ya fara sakankancewa cewa kowace “ism” aƙidar siyasa ce, sai malamin Bayoloji ya shigo da organism da metabolism, na Fizik ya kawo magnetism, na Turanci ya ce a yi criticism. Wannan ruɗani ne ya sa muka ɗauki aikin. Abin da ya fito mana fili kuwa shi ne, ƙamus fassara kawai yake bayarwa, nauyin kalma yana wajen mutanen da ta taɓa rayuwarsu. Mu da ke bakin iyaka Allah ya azurta mu da irin waɗannan mutane, domin da yawa daga cikin manyan kalmomin nan sun bi ta kanmu, ko ta kan maƙwabtanmu, sun bar mana tabo ko darasi.

Godiya ta farko taku ce, Baba Malam, tsohon malamin Turanci da ya koyar da iyayen waɗannan yara kafin ya yi ritaya. Ku kuka ɗora mu a kan hanya. Kun nuna mana cewa “ism” ɗafa-ƙeya ce, wato guntun da ake liƙa wa tushen kalma daga baya, kuma asalinta Girkanci ne. Girkawa suna da “ismos” da suke mayar da aikatau suna da ita. Latinanci ya ara ya ce “ismus”, Faransanci ya ce “isme”, Ingilishi kuma ya ɗauka daga wajensu. Shi ya sa wanda ya tsallaka Segbana ko Malanbil a Benin zai tarar da dangin kalmomin nan a allon makaranta, da ƙarin harafi ɗaya a ƙarshe.

Da na kawo muku jerin farko kuka duba, kuka ce, “Ɗana, wannan ɗafa-ƙeyar buhu ce. A tashar mota buhu duk kamarsu ɗaya, amma wani shinkafa ce a ciki, wani taki, wani albasa. Jami'in kwastan ba ya yanke hukunci sai ya kwance baki. Koya wa yaranka su riƙa kwance baki, su dubi tushen kalmar.” Da wannan shawara muka kasa kalmomin gida-gida.

Gida na farko na aiki ne ko sana'a: journalism aikin jarida, plagiarism satar rubutun wani, criticism sharhi ko suka, tourism yawon buɗe ido irin wanda ke kawo baƙi bikin kamun kifi na Argungu. Na biyu na hali ne, mai kyau ko maras kyau: heroism jarunta, patriotism kishin ƙasa, vandalism ɓarnata kayan jama'a. Na uku na yanayin jiki da cuta. Na huɗu na aƙida da tsarin mulki ko na tattalin arziki, wanda shi kaɗai yara suka sani a da. Na biyar na nuna bambanci ne, kamar racism wariyar launin fata da tribalism ƙabilanci. Na shida na salon magana da ya keɓanta da wasu mutane, kamar Americanism, wato furucin da Amurkawa kaɗai suka saba da shi. Na bakwai kuwa sunayen abubuwa ne zalla, irin su organism halitta mai rai da mechanism tsarin da inji ke aiki da shi. Kun kuma gargaɗe mu da prism, gilashin nan mai rarraba haske: haruffan ƙarshenta sun yi kama da na sauran, amma ba ɗafa-ƙeya ba ce, cikin jikin kalmar suke.

Ku kuka sa yara suka gane cewa kalmomi ma suna da ranar haihuwa. Vandalism wani limamin coci a Faransa, Henri Grégoire, ya ƙirƙiro ta a 1794, lokacin da 'yan juyin juya hali ke farfasa gine-gine da kayan tarihi, ya ɗauko ta daga sunan ƙabilar Vandal da ta wawashe birnin Rum a shekarar 455. Americanism kuma John Witherspoon ya fara amfani da ita a 1781. A 2015 masu ƙamus na Merriam-Webster a Amurka suka zaɓi ita kanta “ism” a matsayin kalmar shekara, saboda yawan masu neman ma'anar 'ya'yanta. Da yara suka ji haka sai suka saki jiki, tun da ashe masu harshen ma tambaya suke yi.

Ƙa'idojin amfani da muka jera a ƙarshen littafin ma daga bakinku suke. Harafin “s” na wannan ɗafa-ƙeya da sautin “z” ake furta shi a Ingilishi. Kalmar da aka gina a kan sunan mutum da babban baƙi take farawa, kamar Marxism. Yawancinsu ba sa karɓar jam'i, amma na gidan abubuwa suna karɓa, har da criticism idan ana nufin soke-soke daban-daban. Sannan ba kullum mai aikin ke ƙarewa da “ist” ba: akwai journalist da tourist, amma mai suka critic ne, jarumi hero, mai kishin ƙasa patriot. Maki nawa waɗannan 'yan layuka za su ceto wa yaranmu, Allah kaɗai ya sani. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Baba.

Godiya ta biyu ga Allah gafarta Malam na zaure, wanda ban je wajensa don wannan aiki ba, gaisuwa ta kai ni. Da ya ga takardu a hannuna ya tambaya, na yi masa bayani, sai ya yi murmushi ya ce, “Malam ƙarami, ai wannan sarfu ne, ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Gwandu.” Ya tuna mini cewa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda Bagudo ke cikin masarautarsa har gobe, ya wallafa littafi sukutum a kan ginin kalmomin Larabci, mai suna Hisnur Rasin. Ya ce Larabawa ma suna da tasu ɗafa-ƙeyar, “iyya”, wadda ta ba mu Ƙadiriyya daga sunan Shehu Abdulƙadir Jilani da Tijjaniyya daga sunan Shehu Ahmadu Tijjani. Da aƙidun zamani suka iso musu, da ita suka tarbe su, suka ce ishtirakiyya da shuyu'iyya da ra'asumaliyya, wato socialism da communism da capitalism. 'Yan siyasarmu ma sun ara, ga Kwankwasiyya nan kowa na ji.

Abin da ya fi amfanar da mu shi ne da Malam ya juyo da mu gida. Ya ce mu lissafa masa kalmomin Hausa masu ƙarewa da “ci” ko “nci”. Nan take suka zubo: shugabanci da kasuwanci na aiki, Musulunci da Kiristanci na addini, ƙabilanci da ɓangaranci na nuna bambanci, Kabanci da Sakkwatanci da Zabarmanci na salon magana. Kusan duk gidajen da Baba Malam ya kasa mana a Turanci, ga su zaune a bakinmu tun muna goye. Sai Malam ya rufe da cewa, adalci da zalunci ƙarshensu ɗaya, amma ba Bahaushen da ya taɓa rikita su. Tun ranar da na kai wa yara wannan magana tsoron “ism” ya fita daga ajinmu.

Malam ya ƙara mana wata ƙa'ida da babu ita a littattafan jarrabawa: kafin ka ɗauki kalma, tambayi wanda ya raɗa ta. A takardun Turawan mulkin mallaka ana kiran addininmu Mohammedanism, sunan da Musulmi ba su taɓa yarda da shi ba, don yana nuna kamar Annabi ake bauta wa. Animism kuma, wadda Bature Edward Tylor ya yaɗa a littafinsa na 1871, da ita aka tattara addinan gargajiya na al'ummu barkatai aka ba su suna ɗaya, ba tare da an ji ta bakinsu ba. Haka nan Islam daban, Islamism daban: ta farko addini ce, ta biyun suna ne da manazarta da 'yan jarida ke ba ƙungiyoyin siyasa masu da'awar addini, kuma ɗalibin da ya haɗa su ya yi ɓarna babba. Akwai sunayen da masu su suka zaɓa wa kansu, kamar Zikism ta matasan da suka kafa ƙungiya a 1946 da sunan Nnamdi Azikiwe. Akwai kuma waɗanda abokan hamayya suka liƙa, domin ita kanta capitalism masu sukar jari-hujja ne suka fi yaɗa ta tun farko. Allah ya ƙara wa Malam buɗi, ya sa ilimin ya cece shi.

Godiya ta uku ta tsallaka iyaka, zuwa ga Mushe, tsohon malamin firamare a Segbana, wanda na sani ta hanyar surukaina. Babin aƙidun siyasa, wanda shi ne ƙashin bayan littafin, da ba don ku ba da ya fita a bushe. Mu a Najeriya a takarda muka karanta gurguzu, ku kuwa kun kwana kun tashi a cikinsa. Kun ba mu tarihin a jere. Mathieu Kereku ya karɓi mulki da juyin soja ranar 26 ga Oktoba 1972. Ranar 30 ga Nuwamba 1974 ya shelanta cewa ƙasar ta rungumi aƙidar Marx da Lenin. Shekara guda cif bayan haka aka sauya wa ƙasar suna daga Dahome zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin, jam'iyya ta zama ɗaya tilo, gwamnati ta karɓe bankuna da manyan kamfanoni.

Daga nan kuka gangaro da maganar ƙasa, inda yaro zai iya taɓa ta. Kun ce a zamanin kowa “kamarad” ne, daga minista har mai gadi. Makaranta na da gonarta, ɗalibai da malamai su yi karatu su kuma yi noma. An rage wa sarakunan gargajiya ƙarfi, aka ɗora wakilan da ake kira “delege” a kan ƙauyuka, da sunan yaƙi da mulkin danniya na masu sarauta. Wannan ya tuna mini da yadda 'yan jam'iyyar NEPU, tun kafuwarta a Kano a 1950, suke jifan tsarin En'e da kalmar feudalism. Kun kuma faɗi alherin da kuka gani, cewa makaranta ta shiga ƙauyukan da ba ta taɓa shiga ba, ɗan talaka ya sami kujera. Ba ku ɓoye ƙarshen labarin ba: bankuna suka durƙushe, a 1989 malamai da ma'aikata suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya game ƙasa. A Disambar shekarar gwamnati ta ajiye aƙidar, a Fabrairun 1990 aka yi babban taron ƙasa a Kwatano, a 1991 Kereku ya sha kaye a hannun Nicéphore Soglo ya kuma miƙa mulki. Abin mamaki, a 1996 jama'a suka sake zaɓensa, ya yi mulki har 2006 ba tare da ya koma ga tsohuwar aƙidar ba.

Kun ba mu dariya da barkwancin mutanen Benin, waɗanda suka lura cewa aƙidar ta fi yawa a baki fiye da a aiki, suka sauya mata suna zuwa “laxisme-béninisme”, wato sakaci irin na Benin. Amma da dariya ta lafa kuka ce, “Abokina, gaya wa yaranka suna daban, abin da ke cikin tukunya daban. In an ce musu ƙasa kaza tana bin aƙida kaza, su tambayi wa ke da gona, wa ke sa wa auduga farashi, wa ke iya sukar shugaba ya kwana gidansa.” Waɗannan tambayoyi uku na sa su a littafin yadda kuka faɗe su, kuma da su yara ke rarrabe jari-hujja da gurguzu da kwaminisanci da mulkin kama-karya. A kan shawararku ne ma muka ware gurguzu ga socialism, muka bar kwaminisanci ga communism, tun da bakin mutane yakan haɗa su.

Akwai wani rami da kuka tsallakar da mu. Yaranmu da yawa suna da dangi a Kandi da Malanbil, wasu ma can suka fara karatu, don haka sukan ɗauka duk “isme” ta Faransanci in an cire harafin ƙarshe ta zama Ingilishi. Kun jero mana waɗanda ba sa tsallakowa: cyclisme a Ingilishi cycling ce, athlétisme athletics, banditisme banditry, analphabétisme kuma illiteracy. Shafi guda muka ware wa wannan, kuma shi ne shafin da yaran Lolo da Tsamiya suka fi yabawa. Mushe, na gode da shayi, na gode da haƙuri da tambayoyina. Allah ya bar zumunci.

Godiya ta huɗu ga Yaya, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe tana duba marasa lafiya daga ɓangarorin biyu. Gidan cuta da yanayin jiki naki ne gaba ɗaya. Ke kika gaya mini cewa mutane kan zo da takardar asibitin Benin an rubuta paludisme, su tsorata su ɗauka wata sabuwar annoba ce, alhali zazzabin cizon sauro ne da muka saba da shi. Kalmar daga Latinanci take, daga sunan fadama, saboda mutanen da sun lura cewa cutar ta fi kama mazauna bakin ruwa tun kafin a gano hannun sauro a ciki. Wanda ya yi damina a fadamun Kogin Kwara ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Kin fassara mana rheumatism da ciwon gaɓoɓi, alcoholism da kamuwa da shan giya har mutum ya kasa bari, astigmatism da matsalar ido mai sa gani ya yi dishi-dishi.

Inda kika fi tsayawa shi ne albinism. Kin ce in rubuta da babbar murya cewa zabiya gado ne daga uwa da uba, ƙarancin sinadarin da ke ba fata da gashi da ido launi ne, ba a ɗaukarsa ta hanyar cuɗanya, ba kuma alhakin kowa ba ne. Abin da mai shi ke buƙata shi ne kariya daga rana, da kujerar gaba a aji saboda raunin gani. Kin tuna mana cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara don wayar da kai a kan haka. Ta dalilinki, bayanin kalma ɗaya ya gyara yadda ɗalibai ke zama da ɗan'uwansu. Allah ya sa aikinki ya zame miki sadaka mai gudana.

Godiya ta biyar ga mutanen tasha da na fadama: direbobi, 'yan kabu-kabu, masu kwale-kwale, 'yan kasuwa da manoman shinkafa. Yawancinku ba ku taɓa jin kalmar protectionism ba, amma babu farfesan da ya fi ku sanin ta. Ma'anarta ita ce gwamnati ta tare kayan waje don ta kare masu samar da na gida. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a nan Jihar Kebbi. A Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, babban dalili kuwa shi ne shinkafar waje da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a shigo da ita ta ɓarauniyar hanya. A Nuwamban shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a Disamban 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, ta Kamba kuwa sai a Afrilun 2022.

Da na zauna da ku, manomi ya ce a lokacin ne shinkafarsa ta yi daraja har ya sake rufin ɗaki. Direba ya ce a lokacin ne motarsa ta yi kwanan wata da watanni a gareji. Mai sayen awo ta ce mudu ya fi ƙarfinta. Mai injin ban-ruwa a bakin iyaka ya ce neman man da zai tayar da injin ya zame masa aiki na biyu. Duk gaskiya kuka faɗa, kuma duk na rubuta. Saboda ku, ɗalibinmu in aka ce ya kawo amfani da illar wannan manufa ba zai yi kame-kame ba, gidansu kawai zai tuna.

A wannan layi nake gode wa dattijon Illo da ya ɗauki nauyin colonialism. Ya ce kada in wahalar da yara da dogon ta'arifi, in nuna musu iyakar kawai. A 1894 Bature Lugga, yana wa kamfanin Royal Niger aiki, ya yi tsere da Faransawa zuwa Nikki don ƙulla yarjejeniya da sarkin Borgu. Ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a Paris, suka raba ƙasar Borgu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, daga baya kuma aka haɗa Illo da masarautar Gwandu. Mutanen da harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, aurensu ɗaya, suka wayi gari wasu na biyan haraji da kuɗin Ingila wasu da na Faransa. Najeriya da Dahome sun sami 'yanci a shekara ɗaya, 1960, amma har yau jikan wannan na cewa colonialism, jikan wancan na cewa colonialisme. Allah ya ja da ran Baba.

Ba zan manta da Inna ba, wadda ba ta yi boko ba amma ta gyara mana fassara. Ta ji ina karanta wa ƙannena cewa nepotism shi ne fifita dangi, sai ta ce, “Kai ɗan nan, yanzu taimakon ɗan 'yar'uwarka ma laifi ne a wajen Turawa?” Tambayar ta sa na koma wajen Baba Malam, ya ce kalmar daga Italiyanci take, daga sunan ɗan ɗan'uwa, saboda wasu fafaroma na da da suka riƙa naɗa 'ya'yan 'yan'uwansu manyan muƙamai, har aka haramta hakan a 1692. Da na dawo mata da bayani ta ce, to ai sai ka rubuta da kyau: in daga aljihunka ka ba shi zumunci ne, in daga amanar jama'a ka ɗiba ka ba shi cin amana ne. Haka muka rubuta, ba mu ƙara ko wasali ba.

Ina kuma gode wa Arɗo na wajen Kaoje, wanda ya roƙi a bambanta pastoralism da terrorism da kyau. Ta farko sana'ar kiwo ce da aka gada kaka da kakanni, ta biyun ta'addanci ne, wanda makiyayi da manomi duk suke kuka da shi a ɓangarorin iyakar nan biyu. Ya ce yaron da ya koyi rarrabe kalmomi a aji ba zai yi saurin yi wa al'umma guda kuɗin goro ba idan ya girma. Mun ba maganarsa wurin da ya dace da ita.

Saura waɗanda suka ɗauki wahalar da ba a gani. Yaron shagon kwamfuta da ya buga rubutun, ya yi ta fama da ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ har suka zauna daidai, ya kuma rage mana kuɗin aiki. Abokan aikina malamai da suka karanta suka yi gyara da jan biro. Iyayen yara da suka haɗa kuɗin takarda da na man janareta. Direban da ke kai kwafe Illo da Lolo bai taɓa karɓar ko sisi ba. Uwargida da ta jure wa fitila har tsakar dare. Su kansu ɗaliban, waɗanda tambayoyinsu ne suka nuna mana inda bayani bai fita ba, musamman 'yan matan aji da suka nace sai an sa feminism an kuma faɗi ma'anarta tsakani da Allah, wato fafutukar nema wa mata haƙƙoƙinsu, a bar kowa ya yi nasa hukunci bayan ya fahimta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya taimaka ban ambaci aikinsa ba, ya yafe mini, ladansa na wajen Allah. Littafin ba na sayarwa ba ne: duk malamin da ke so ya kwafa ya raba wa ɗalibansa, a gefenmu ko a gefen Benin, an ba shi izini. Wanda kuma ya san wata kalma da ta kamata a ƙara, ko wata fassara da ta fi tamu dacewa, ƙofa a buɗe take, za mu sa a bugu na gaba. Roƙona ga 'yan'uwana malamai shi ne, kafin mu ce yaro ya haddace kalma, mu tura shi wajen dattijo ko manomi ko ma'aikaciyar jinya da ta san zafinta, tun suna raye a tsakaninmu.

 Allah ya ba yaranmu nasara a jarrabawa, ya sa iliminsu ya amfani jama'a. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya zaunar da Bagudo da Jihar Kebbi lafiya, ya zaunar da maƙwabtanmu na Benin da Nijar lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ambaliya da fitina. Amin summa amin.